Injin Wankin da Ya So Komawa Kano

Firji aka aike ni saye. Wannan ita ce gaskiyar magana, kuma uwargida tana da shaidu. Kwasar adashenmu ce ta faɗo kaina ana dab da kama azumi, muka yi shawara cewa in aka samu firji za ta riƙa ƙulla zoɓo da ƙanƙara, kuɗin cefane ya riƙa fita daga nan. Na hau mota daga Kanya Babba, muka bi ta Kunya muka faɗa Kano, na shiga Sabon Gari da kuɗina a aljihun 'yar ciki. A wani shago da ba zan kama sunansa ba na yi arba da shi: fari fat, ga zagayayyar ƙofar gilashi a ƙirji, ga maɓallai reras, ga ɗan allo a sama. Mai shagon ya ga inda idona ya tsaya, ya taso.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba ya son a taya shi. Ka zuba kaya, ka danna nan, ka tafi masallaci. Kafin ka dawo ya wanke, ya ɗauraye, ya matse."

Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba aka kira Alhaji. Ban sake tuna firji ba sai da muka wuce Kunya a hanyar dawowa.

Abin da mai shagon bai tambaye ni ba, ni ma ban ga dalilin faɗa masa ba, shi ne gidana babu famfo. Ruwanmu 'yan ga-ruwa ke turo shi a kura daga rijiyar burtsatse, mu juye a randa da wani tankin roba da na ɗora kan bulo bayan ɗakin girki. Wuta kuwa tana zuwa, ba a dai san ranarta ba.

Ƙarti huɗu suka sauke shi suna nishi, don nauyinsa ya haura kilo 60. Ashe dunƙulen kankare ake ɗaura wa gangar cikinsa don ya danne ta in tana juyawa. Yaran unguwa suka cika zaure. Wani ya ce talabijin ce, wani ya rantse injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Inna, mahaifiyata, ta zagaya shi da sandarta, ta leƙa gilashin. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, ina hannunsa?"

Na ce ba shi da hannu, Inna.

"To da me zai cuɗa wuyan riga?"

Uwargida ba ta ce uffan ba. Can dai ta tambaya, cikin ladabi, ko yana yin ƙanƙara.

Muka zauna jiran wuta. Ranar da ta ga dama ta zo, ana dab da sahur ne. Na tashi gidan kaf. Da ma na sa an ja tiyo daga tankin zuwa bayan injin, saboda haka na zuba kayan makarantar yara, na danna inda aka ce in danna. Ya yi 'yar waƙa, ƙofar ta ce ƙas, ya yi gurnani, sai ruwa ya fara shiga ɗis, ɗis, ɗis. Muna tsaye cirko-cirko. Bayan 'yan mintoci ya yi ƙara, allon ya rubuta haruffa biyu: IE. Na kashe na kunna, IE. Na daka masa tafi a kwiɓi, irin dukan da ke farfaɗo da rediyona, IE. Ran nan da ruwa zalla na ɗauki azumi, don ladan ya kira salla ina tsugune gaban allo.

Gari na wayewa na aika a kira Injiniya. Kowane gari da nasa. Namu janareto yake gyarawa, da fanka, da injin ban-ruwa, kuma tun da nake ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya zo da sukundirebarsa mai ɗan ƙwai a gindi, ya dubi haruffan, ya girgiza kai.

"Malam, ƙwaƙwalwa ce. Ta ƙone."

Na ce sabo ne fil, ledarsa ma tana nan.

"Ai sababbin su suka fi ƙonewa."

Ya yanka kuɗin da na ji jiri ya ɗebe ni, ya ce sai an aika Kano, in ba a dace ba Legas. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara. Yana fita na kira ƙanina da ke aiki a Kano, wanda ke da irinsa a gida. Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaya, ina littafin da ya zo da shi?" Aka shiga neman littafi. Kwalin, yara sun riga sun yi mota da shi. Aka ɗaga katifu, aka zazzage kwando, babu. Inna tana kan tabarmarta tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ƙanin nawa ne ya yi mini fassara ta waya, bayan ya gama dariyarsa. Babu abin da ya ƙone. IE ƙorafi ne cewa ruwa ba ya shiga yadda ya kamata. Injin yana buɗe bakinsa ne ya ba ruwa wa'adi. In wa'adin ya cika ruwan bai kai inda yake so ba, sai ya tsaya ya kai ƙara. Ko dai famfo a rufe yake, ko tiyo ya lanƙwashe, ko ragar da ke bakin tiyon ta toshe, ko kuma ruwan ba shi da ƙarfi. An ƙera shi ne don gidan da ruwa ke zuwa da tunkuɗa. Ruwan tanki kuwa ƙarfinsa daga tsayinsa yake, kuma yawancin irin waɗannan injina suna neman tunkuɗar tankin da ke sama da mita 5, wasu ma sai mita 10. Nawa tankin gindinsa bai kai gwiwata ba. A unguwarmu kuma abin da ya kai mita 10 kuka ce kawai da turken kamfanin waya, kuma babu wanda zai bar ni in ɗora tanki a kansu.

Ya sayo mini ɗan ƙaramin famfon tura ruwa a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya ba direba ya kawo. Injiniya ne ya haɗa shi, yana ɗaurawa yana cewa da ma abin da yake shirin faɗa ke nan na katse shi. Wuta ta zo, muka kunna, famfo ya yi kuka, allo ya sake rubuta IE. A nan na fara zargin injin da taurin kai. Ƙanina ya ce in kwance tiyon daga bayan injin in leƙa ramin. Na haska da fitilar waya, sai ga wata 'yar raga ta roba da ba ta fi marfin kwalba faɗi ba, ta cushe dam da rairayi. Ƙasarmu ta Babura rairayi ce, ruwan burtsatse yana zuwa da shi, ya kwanta a gindin tanki, daidai inda na huda na sa tiyo. Na zaro ta da filaya, na goge da tsohon buroshin haƙori, na mayar. Ruwa ya shiga da ƙarfinsa, shaa.

Labari ya zaga unguwa cewa injin Malam ya tashi. Bayan la'asar ne, matan maƙwabta suka shigo da mayafansu, yara suka jera a ƙasa gaban gilashin suna kallon rigunansu na wulƙawa cikin kumfa. Ni ina tsaye gefe, hannu a baya, ina ba da bayani. Na ce wannan shi ake kira ci gaba. Na ce nan da shekara biyar babu mai sunkuyawa kan baho a Kanya Babba. Ya wanke lafiya, ya zubar, ya ɗauraye. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun mai shirya wani abu.

Daga nan ya fara matsa. Da farko rawar ɗari ce kawai. Sai kwanukan uwargida da ke kan kanta suka fara amsawa. Sai ƙasa ta ɗauka, gidi-gidi-gidi, har a tafin ƙafa kana ji. Ina cikin cewa "haka yake yi, kada kowa ya tsorata," sai na ga ya matsa gaba. Na murtsuke ido. Ya sake matsawa. Ya juya gilashinsa kudu, wato hanyar Kano, ya sauko daga baranda ya nufi ƙofar zaure kamar ragon da ya tsinke igiya ranar kasuwa. Kaji suka watse. Tiyon zubar da ruwa ya fizge daga rariya ya yi wa wata maƙwabciya wanka. Mata suka ɗauki salati, yara suka haye katanga. Inna ta miƙe tsaye ba sanda, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba, tana cewa, "Na faɗa muku! Abin da ba shi da hannu yake aiki, ai da masu yi masa!"

Ni ne maigida, kuma kuɗina ne ke tafiya. Na tattare riga na daka tsalle na haye kansa na zauna, da nufin in danne shi. Bai ko san na hau ba. Hulata ta yi nata wuri, haƙorana suna kaɗawa, idona yana ganin kowa biyu-biyu. Na buɗe baki in ba da umarni, abin da ya fito shi ne, "Ku-ku-ku ka-ka-kashe!" Babu wanda ya san inda ake kashewa, wanda ya sani kuma yana kai. Haka muka tafi ni da shi taku uku ko huɗu, har wayar da na ja masa daga ɗaki ta ƙare, filogi ya fita daga soket. Ya yi wani dogon nishi ya tsaya.

Sai ga sallamar Liman daga zaure, ya ji ihu ya zo. Ya leƙo ya gan ni zaune kan injin, ba hula, ina haki.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka da addu'a."

Ya ce, "Addu'a ba ta ɓaci, amma ka fara saukowa."

Inna ta shige ɗakinta, muka ji ƙarar kwaɗon adaka. Ta fito da wani littafi a naɗe cikin tsumma, ta miƙo mini. "Ga takardarsa nan. A mayar wa masu shi." Ashe tun ranar da aka sauke shi ta ga takarda mai kauri, ta kai ta kulle tare da takardar gona da katin zaɓe. Ta ce irin wannan ba a barinta a tsakar gida. In rigima ta tashi, da me za a je gaban alƙali?

'Yata ce ta karɓa, takwarar Inna, wadda nake kira Uwata, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ba ta yi nisa da buɗawa ba ta tsaya kan wani zane: bayan injin, da hannu riƙe da sifana. Ta ce, "Baba, an ce a cire waɗannan kafin a kunna." Muka juya shi, sai ga notuna huɗu manya-manya, kowanne da robarsa, suna kallonmu.

Ga yadda abin yake. Gangar da ake zuba kaya a ciki ba a kafe take ba, a rataye take da sifirin daga sama, da ƙarafunan shanye girgiza daga ƙasa, don in tana juyawa ta yi rawarta ita kaɗai jikin injin yana tsaye. Saboda kada ta yi ta dukan bango a hanya, sai kamfani ya ɗaure ta da jikin da notuna uku ko huɗu. In ba a kwance su ba, lokacin matsa, da gangar ke juyi 1,000 ko fiye a minti ɗaya, duk girgizar jikin take komawa, sai injin ya kama hanya. Kuma ba a kaina aka fara ba. Injin wanki mai sarrafa kansa na farko da kamfanin Bendix ya fitar don gidaje a Amurka a 1937, sai an kafe shi da ƙasa ake kunnawa, don shi ma tafiya yake yi. Na gaya wa Inna haka don hankalinta ya kwanta, na ce ko na Turawa ma ya taɓa tafiya. Ta ce shi ya sa suka turo mana.

Ni dai har gobe ina kan bakana. Kayan da za a baje a Sabon Gari, a ɗauka a kai Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, me zai hana a manna masa 'yar takarda da Hausa a goshi, a ce a kwance notunan baya? Mai shagon da ya iya ba ni Alhaji kyauta, ai bai kamata jimla ɗaya ta gagare shi ba.

Aka kwance notuna, aka murɗa ƙafafunsa huɗu har ya zauna daram ba ya lilo. Daga ranar Uwata ta zama tafinta. Ta kwafe haruffan a bayan tsohuwar kalanda ta kafe a bango. In ya rubuta dE, ƙofa ce ba ta rufu ba, galibi hannun riga ne ya maƙale. Ranar da aka sa bargon Inna shi kaɗai ya rubuta UE: bargon ya sha ruwa ya dunƙule gefe guda, injin ya ƙi matsawa don kada nauyin ya rinjaye shi, sai da aka warware aka ƙara tawul biyu. Inna ta ce da ma ta san bargon nan ba sa'ansa ba ne. Wata rana ya rubuta CL, maɓallai duka suka daina ji. Injiniya yana wucewa ya leƙo ya ce ƙwaƙwalwa ce. Ashe autanmu ne ya yi ta danne-danne har ya kunna makullin da aka yi don hana yara irinsa wasa, kuma maɓallan da suka kulle su ake dannewa na 'yan daƙiƙoƙi su buɗe. Uwargida kuma ta taɓa auna masa omo da ma'aunin wankin hannu, kumfa ta yi ta fitowa ta aljihun sabulu har akuya ta zo tana shinshinawa. Shi ɗan kaɗan yake so, kuma marar kumfa da yawa.

Kada wani ya kwafi kalandarmu ya je ya yi wa nasa fassara da ita, don kamfanonin ba su haɗa baki ba. Inda irin nawa ke rubuta IE, na Samsung 4E ko 4C yake rubutawa. Wasu kuma E1 da E2 suke jerawa, kowane kamfani da abin da yake nufi. Akwai kuma haruffan da ba na maigida ba ne. A irin nawa, LE maganar motar da ke juya ganga ce, tE kuma ɓangaren dumama ruwa. Waɗannan in ka zare filogi ka jira ka mayar suka dawo, nemi wanda ya koyi aikin, ba wanda bai taɓa cewa bai sani ba.

Na ɗauka mun fahimci juna ni da shi, sai jajibirin Sallah. Kuɗin sabon ɗinki ya tafi a famfo da tiyo, saboda haka farar babbar rigata ta bara ce za ta je Idi. Uwargida ta ce, "Malam, a kai wa mai wanki da guga mana." Na ce da injin a gida? Na jefa ta ciki, na zaɓi ruwan zafi don ta fita tas. Yana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Riga a ciki, ruwa a ciki, ƙofa a kulle.

Na ruga na aro ɗan janareton mai cajin waya. Muka tayar, muka jona, ya yi tari biyu ya mutu. Muka sake, ya sake. Uwata ta duba littafi ta ce abin dumama ruwan kaɗai yana jan wat kusan 2,000, janareton kuwa ko 1,000 ba ya bayarwa. Da ruwan sanyi na zaɓa da wataƙila an yi ciniki. Mai janareto ya ɗauki kayansa yana duba ko na ƙona masa.

Sai tsakar dare wutar ta dawo. Allo ya rubuta PF, wato an yanke masa wuta yana cikin aiki, na danna ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na yi hamdala. Da ya zo zubar da ruwa sai ya yi ta gurnani, ko ɗigo bai fita ba, ya rubuta OE. Na je na tashi Uwata. Tana layin barci ta karanta mini: ruwa ne ya ƙi fita. A duba ko tiyon zubarwa ya lanƙwashe, ko an ɗaga shi ya wuce mita ɗaya daga ƙasa. In ba haka ba, filta ce ta toshe, kuma muddin ruwa na ciki ƙofar ba za ta buɗe ba. Akwai wata 'yar ƙofa a ƙasa ta gaba. A zare filogi, a tara faranti, a jawo ɗan siririn tiyon da ke ciki a cire toshiyarsa, ruwan ya tsiyaye a hankali, sannan a murɗe murfin filtar.

Ni mutum ne mai son gajeriyar hanya, ga shi asuba ta kusa. Na zare filogi, na tsallake maganar siririn tiyo, na kama babban murfin na murɗe. Ruwan sabulu ya yi tsartuwa ya daki ƙafafuna, ya bi gangaren siminti, ya miƙe sak zuwa tabarmar da uwargida ta baza cincin da dubulan ɗin Sallah su huce. Abin da ta faɗa a daren nan ba na bugawa a mujalla ba ne, ko da yake da "Malam" ta fara.

Da ruwa ya tsagaita na zaro filtar na haska. Ƙwallayen dabino na buɗa-bakin wata guda, waɗanda nake jefawa a aljihu a masallaci. Ƙwayoyin carbin da ya tsinke. Fil ɗin ɗankwali, marfin biro, ɓawon gyaɗa. Can ƙarshe, a nannaɗe, ga naira hamsin ta leda, fes da ita, ta sha wanki. Na ce tawa ce, daga aljihuna ta fito. Uwargida ta ce tun kaka da kakanni abin da aka tsinta a wanki na mai wanki ne. Na ce ai ba ke kika wanke ba. Inna, da hayaniya ta tasa, ta yanke hukunci daga ɗaki cewa kuɗin na wanda ya yi wankin ne, a saya masa omo da su.

Rigar ta fito ana kiran assalatu, fara sol, a jiƙe, a yamutse, ba lokacin guga. Haka na zura ta na tafi filin Idi, ta bushe a jikina. Wanda ke kusa da ni a sahu ya taɓa hannun rigar, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Malam, ku an yi ruwa a unguwarku ne?"

Mai karatu, in kana zaune a irin garuruwanmu, ruwanka na 'yan ga-ruwa ne, wutarka ta jira ce, ka nemi injin nan mai baki biyu, wanda ake cika shi da bokiti, ba shi da allo balle ya yi maka rubutu, kuma janareto madaidaici yana ɗaukarsa. In kuwa mai gilashin ne ya shiga ranka, ka tanadi famfon tura ruwa da sitabilaiza, ka kwance notunan baya, littafin kuma kada ka bari ya shiga adaka. Nawa yana nan yana aiki duk ranar da wuta da ruwa suka haɗu a gidan. Mai son kawo bargo ya zo da ruwansa jarka biyu, kuma a zazzage aljihu tun daga gida, don abin da aka tsinta a filta ba a mayarwa.